Abin da muka tsinta a zaman Jidda kan rajistar ƙwayar gado

Bayan sallar isha'i, a falon wani ɗan'uwa a Jidda, ƙanenmu da ke karatu a jami'ar KAUST ya kawo damuwarsa: ya sauya wani jerin DNA (ƙwayar gado), yana so takardar mallakar ƙirƙira ta haɗa duk jerin da ya yi kama da nasa da kashi 95 cikin ɗari.

Wani malaminmu lauya ya ajiye kofin shayi, ya ce, "Ɗana, iya abin da ka koyar da yadda ake yin sa a takardar, shi za a mallaka maka." Ya kawo shari'ar kamfanonin magunguna Amgen da Sanofi, da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2023: Amgen ya bayyana jerin sinadaran garkuwar jiki 26, amma ya nemi mallakar duk masu aiki iri ɗaya, ƙila miliyoyi. Kotu ta soke, don sai mai gwaji ya yi ta laluben duhu.

Lissafin ne ya fi kama mu. Jerin DNA ne ke tsara furotin, shi kuma ana gina shi da tubalan da ake kira amino asid. Furotin mai amino asid 300, kashi 95 na nufin gurbi 15 na iya sauyawa. Wanne ne daga cikin irin waɗannan jerin zai ci gaba da aiki? Shawarar da aka ba ƙanenmu: ya nuna gurbin da ba a taɓawa, ya gwada sauye-sauye masu yawa, ya rubuta har waɗanda suka gaza. Ni dai na fi gamsuwa da wannan.

Wata Hajiya ta ƙara cewa ya jera buƙatun mallakar daga mai faɗi zuwa ƙunƙuntacce, kada faɗuwar ɗaya ta ja sauran. Kuma kafin ya je hukumar SAIP mai rajistar mallakar ƙirƙira a Saudiyya, ya shirya jerin bisa tsarin ST.26, wato ƙa'idar duniya ta rubuta jerin DNA da furotin a irin wannan takarda.