Yauri bakin ruwa: mai amsa ya amsa

Ɗan Yelwa:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar ina zaune bakin tafki, jirage na dawowa daga gungu, sai baitocin nan suka zo mini. Mai amsawa ya riƙe harafin "wa".

Bismillahi da shi nake farawa,
Yauri ta bakin Kwara zan yabawa.
Can Bin Yauri sarauta ta daɗe,
Kufan ganuwa na nan wurin dubawa.
A 1888 Abarshi ya taso,
Ya dasa gadon mulki cikin Yelwa.
Da asuba injin jirgi ke tashe mu,
Buhunan albasa ake ta saukewa.
Giwan ruwa, ƙarfasa da tarwaɗa,
Hayaƙin banda sai turnuƙewa.
Baƙon da ya zo Rigata, bikin tseren jirage,
Kan mance da ranar komawa.

Bakabe Jikan Kanta:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi.

Wa ke zancen su gaban Kabawa?
Kogin Matan Fada ya ishe ka tunawa.
A 1934 Sarkin Musulmi Hassan
Ya zo Argungu, gaba ta kai ƙarewa.
Tun ran nan muke bikin kamun kifi,
Da homa da gora muke faɗawa.
Yunesko ma a 2016 ta shaida,
Ta sa mu cikin abin adanawa.
Kakanninmu sun ja daga da Gwandu,
Ku ko amana kuka yi da sallamawa.
Tafkin nan ma da kake wa kirari,
Dam ɗin Kainji ya ba ku, Yaurawa.

Ɗan Yelwa:
Yaya, girmanka ne, amma ba zan bar wannan ta kwana ba.

Sun naku na awa guda ne a shekara,
Mu kullum koma muke jefawa.
Shekara goma kun rufe bikinku,
Sai 2020 kuka sam buɗewa.
Sarkinmu Albishir ya yi amana, gaskiya ne,
Garinsa bai ga wuta tana cinyewa.
A zamaninsa Mungo Park ya ratsa,
A 1806, Busa ya je halakawa.
'Yan Landa biyu a 1830 sun iso mu,
Takardun mamacin suke nemawa.
Sarkawanku ma da suka bar Kabi,
Ruwan wa suka zo suna kamawa?

Inna Bagunga:
Jikata ce ke rubuta mini, ni ban iya latsa wayar nan ba. Ta karanta mini gardamarku na yi dariya, har aka zo kan tafki. 'Ya'yana, ni ba zan bi "wa" ɗinku ba, da "ba" zan amsa.

Kuna ta yabon tafki, ku yara,
Ba ku san abin da ke ƙasansa ba.
A tsibiri aka yanke cibiyata,
Yau ko a jirgi ban gane wurin ba.
1968 ruwa ya fara hawa,
Bai zo da gudu ba, bai kuma tsaya ba.
Ya ci fadamar albasar babana,
Ya ci tsamiyar da ba mu zaci zai kai ba.
Kushewar kakata na can ƙarƙashi,
Ban sake zuwa na yi mata addu'a ba.
Mutum sama da dubu 40 aka tasa,
Ba Gungawa kaɗai abin ya shafa ba.
Aka ba mu gidan siminti a tudu,
Zafinsa da rani bai bar mu barci ba.
Uwata ta gina ɗakin laka a baya,
Ta ce ba ta saba kwana a tanda ba.
Wutar da ruwan ke haifarwa ta wuce mu,
Shekaru ƙauyenmu bai gan ta ba.
Rigatar da baƙi ke wa tafi,
Da can ba wasan kallo ba ce ba:
Maza ke fita da mashi kan dorina,
Don ba ta bar mana shinkafa ba.

Bazamfare na Mafara:
Inna, Allah ya ja kwana. Ni ɗan kallo ne a nan, amma kin tuna mini da gida.

Mu ma Bakolori ta sha gonakinmu,
Manoman 1980 ba su yi shiru ba.
Ruwan da aka tare yana da kyan hoto,
Mai hoton bai tambayi mai gona ba.

Bakabe Jikan Kanta:
Inna, a gafarce ni, da Ɗan Yelwa nake tsokana.

Na zo da homa zan kama ƙanena,
Ban san zan taɓo miki gyambo ba.
In an sa ranar Rigata ina tafe,
Ba zan wuce ban gaishe ki ba.

Ɗan Yelwa:
Yaya, masaukinka na wuyana. Sharaɗi ɗaya: sai ka sa rigar ruwa kafin ka taka jirgi. Tun hatsarin Wara na 2021 ba na ɗaukar kowa haka nan, ko da jikan Kanta ne mai taƙama da gora.

Inna Bagunga:
Ka zo da goro fari, ɗan Kabi,
Ban da ja, haƙorana ba su so ba.
In ruwa ya ja baya mu shiga jirgi,
In nuna ma inda tsamiyar take,
In dai idona bai ɓace mini ba.