Neman kalma: me za mu kira grassroots a shirin namun daji?

Mai shirin rediyo:
Assalamu alaikum malamai. Gobe da hantsi za mu naɗi shiri na minti 10 a kan kyautar Whitley, wadda ake bayarwa a Landan duk shekara ga masu kare namun daji a ƙasashe masu tasowa. A 1993 aka kafa gidauniyar da ke bayar da ita, Gimbiya Anne ta Birtaniya ce ke miƙa kyautar, kuma a yanzu fam 50,000 kowane gwarzo ke samu. Wannan duk na rubuta. Inda na maƙale shi ne kalmar Turancin da suke siffanta gwarazan da ita, wato grassroots, wadda a zahiri ke nufin "saiwar ciyawa". Sau 7 ta fito a takardar da aka ba ni. Na sa "na karkara", edita ya soke. Na sa "talakawa", ni da kaina na soke. A taimaka kafin isha'i, don da daddare zan tura wa mai karantawa.

Ɗan Zazzau:
"Daga tushe." An gama. 'Yan siyasa sun riga sun sabar wa kunnen jama'a da ita.

Tsohon tafinta:
Ba a gama ba, ɗana. "Daga tushe" tana bayanin yadda aka yi aiki ne, ita kuwa Hajiya sunan mutum take nema. Za ka ce an gina jam'iyya daga tushe, amma ba za ka ce "an karrama wasu daga tushe su 6" ba, sai mai sauraro ya zaci Tushe wani gari ne.

Uwar 'yan biyu:
To a ce 'yan gari mana. Da ɗan gari akan ci gari.

Tsohon tafinta:
Wannan karin maganar ai ta cin amana ce. Ɗan garin da ya buɗe wa mahara ƙofa ake nufi.

Mai shirin rediyo:
Yaya Uwar 'yan biyu, ni ma "'yan gari" ta zo mini, amma ga inda ta karye. Cikin waɗanda zan ambata akwai Iroro Tanshi, 'yar Najeriya da ta ci kyautar a 2021 saboda wani jemage mai gajeren bindi da aka daɗe ba a gani ba, ta gano shi a tsaunin Afi na jihar Kuros Riba. Ba 'yar ƙauyukan wurin ba ce, kuma a Amurka ta yi digirin digirgir. Aikinta shi ne zama da manoman yankin a shawo kan wutar sharar gona da ke tsallakawa ta cinye dajin. In na ce mata 'yar gari na yi ƙarya, in na ce talaka na yi rashin kunya.

Malamin Hausa:
Na jima ina jiran wani ya yi wannan tambayar. Kalmar da nake koya wa ɗalibaina ita ce 'yan turɓaya. Ku duba hikimar. Bature ya kalli ƙasarsa ya ga ciyawa, sai ya ɗauki saiwarta ya yi suna da ita. Mu in muka sunkuya me muke gani? Turɓaya. Wanda ke aiki a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ƙafarsa fes take, wanda ya shiga cikin jama'a kuwa sai ka ga turɓaya har ƙwauri. Kalmar ba ta tambayi inda aka haife ka ba, ba ta tambayi aljihunka ba. Tana da tilo, ɗan turɓaya da 'yar turɓaya, tana da jam'i, har ana iya fitar da turɓayanci a matsayin aƙida. Wace ce cikin naku ta cika wannan?

Ɗan Zazzau:
Allah gafarta Malam, in na ji "Gimbiya ta karrama 'yan turɓaya" zan ɗauka yaran da ke ƙwallo a bayan layi aka kai Ingila.

Malamin Hausa:
Haka aka yi wa jirgin sama dariya ranar da aka fara faɗarsa. Kowace kalma baƙuwa ce kafin ta zama 'yar gida. Matsalarku ku 'yan rediyo, ba ku da haƙurin renon kalma, sai wadda ta zo da haƙoranta.

Uwar 'yan biyu:
Malam, ita fa minti 10 gare ta. Ba zangon karatu ba.

Ba-Maraɗe:
Mu nan wajenmu kalmar Faransanci ce ka ba mu wahala, kuma mafi yawa "na cikin al'umma" muke cewa a wuce. Misalin da ni ka gani kusa shi ne raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai. A 1996 ba su kai 50 ba, daga baya suka haura 600. Ba shinge aka yi musu ba, cikin gonakin mutane suke kiwo, har wake suna ci, kuma mutanen ƙauyukan ne ke yi wa baƙi jagora zuwa kallonsu. In mai gona bai yarda ba, babu takardar da za ta hana a kashe su. Wannan yardar ita ce kalmar ke nufi. Don haka ni "masu aiki cikin al'umma" zan ce.

Tsohon tafinta:
Ma'ana ta fito, sai dai ta yi faɗi. Unguwarzoma ma cikin al'umma take aiki, haka mai unguwa.

Malamin Hausa:
Kuma al'umma Larabci ce. Tun da aka zo nan, bari in faɗi abin da ke cina. Gobe za a buɗe rediyo a ji "lambar yabo ta kare muhalli". Lamba daga Turanci, muhalli daga Larabci. Ina Hausar? Muna da alkinta, kalma mai kyau da ke nufin kula da abu don kada ya lalace, an bar ta tana tsufa a ƙamus.

Ɗan Zazzau:
Malam, shi kansa ƙamus ɗin Larabci ne. Haka malam.

Malamin Hausa:
Ban ce a kori tsofaffin baƙi ba. Cewa na yi a daina shigo da sababbi alhali akwai 'yan gida zaune ba aiki. Amma na sani, duk abin da bai fito daga bakin gidajen rediyon ƙasashen waje ba, ba ya zama Hausa a wajenku. Mu da muka shekara 30 a aji sai a ce mun cika tsanani.

Tsohon tafinta:
A yi adalci. Tun 1957 ake watsa Hausa daga Landan, kuma kalmomi da yawa da yau ɗalibanka ke rubutawa a jarrabawa a gaban makirufo aka fara gwada su, da agogo a kan mutum. Jami'a na da lokacin zama ta tace. Mai labarai in bai samu kalma ba kafin ƙarfe ya buga, shiru za a ji.

Ba-Maraɗe:
Ku biyun duka Hausar Kano kuke wa faɗa. Mu in mun kawo tamu sai a ce karin harshe ne.

Uwar 'yan biyu:
Jama'a, magariba ta kusa, baiwar Allah na jira.

Mai shirin rediyo:
Na gode Yaya. Amma ƙorafin Malam a kan lambar yabo ya tuna mini wani abu, ko da ba ta fuskar da ya nufa ba. Kuɗin nan ba na sakawa a aljihu ba ne. Na aiki ne, na shekara guda, kuma wanda ya ci yana iya komawa ya nemi ƙari daga baya. Akwai ma babbar kyauta ta fam 100,000 da ake ba tsohon gwarzo. In na ce lambar yabo kawai, masu sauraro za su zaci an ba mutum ladan abin da ya gama, 'yan uwa su yi layi a ƙofar gidansa.

Tsohon tafinta:
Wannan mai sauƙi ce. Karramawa da tallafin aiki. Ki faɗe su tare sau ɗaya a farko, daga nan ki riƙa cewa tallafin. Su wa suka ci babbar?

Mai shirin rediyo:
A 2024 Purnima Devi Barman ce, daga jihar Assam ta Indiya. Tsuntsunta wani ƙaton mai cin mushe ne da suke kira hargila, mutane na ƙyamarsa har suna sare bishiyar da ya yi sheƙa. Sai ta tara dubban matan ƙauye, suna saƙa hotonsa a zane suna sayarwa, suna yi masa biki irin na mai ciki lokacin ƙyanƙyasa. A 2025 kuma Olivier Nsengimana ne, likitan dabbobi daga Ruwanda, wanda ya karɓo wasu tsuntsaye masu tukku daga gidajen masu kuɗi da otal-otal ya mayar da su fadama. Su ma sunayen tsuntsayen ban san yadda zan yi da su ba.

Ba-Maraɗe:
Na Indiyar ɗan uwan borin tunke ne, kai sanƙo, jaka a wuya. Na Ruwanda kuwa gauraka ne, sai dai nasu ya fi namu haske.

Malamin Hausa:
Madalla. Ga Hausa nan. Borin tunke da gauraka, ba aro ko ɗaya. Kuma ku dubi matar nan ta Indiya da kyau: daktar ce, amma gida-gida ta bi. In wannan ba 'yar turɓaya ba ce, wace ce?

Tsohon tafinta:
Misalin nata ne ma ya warware mini. Ba ita kaɗai ce tushen ba, matan ne. Ita ja ta yi suka bi. Don haka kada a liƙa wa mutum kalmar, a liƙa wa aikin. "Masu jagorantar kare namun daji daga tushe." Ta Ɗan Zazzau ce, na yi mata gyaran zama. A ambato na biyu a ce "jagororin", a na uku a kira sunan mutum da abin da ya yi. Ba dole ne don ta fito sau 7 a Turanci ta fito sau 7 a Hausa ba.

Ɗan Zazzau:
Wato bayan awa 3 an dawo inda na fara.

Tsohon tafinta:
An dawo, amma da fi'ili a gaba. Taka tsirara ta zo.

Malamin Hausa:
Kalma 7 a madadin guda, kuma har yanzu ba mu da suna. Wannan bayani ne, ba fassara ba. Na yi shiru don Hajiya na sauri, ba don na gamsu ba. Aƙalla a sa alkinta a maimakon kare, kada wani ya ji "kare namun daji" ya zaci karen farauta ake nufi.

Mai shirin rediyo:
Wannan kam gaskiya ce Malam, mai karanta mana ya taɓa jan wasalin a inda bai dace ba. Na sa "masu jagorantar alkinta namun daji daga tushe" a buɗewa, da "karramawa da tallafin aiki". Turɓaya kuma na ba ta wuri ɗaya, inda nake cewa matan Assam sun sha turɓaya suna bin gidaje. In edita ya bar ta zan sanar. Allah ya saka da alheri.

Malamin Hausa:
Zai soke. Ki turo mini lokacin shirin duk da haka.