Kullewa ko zaurantawa? Neman kalmar da ta dace da tsare faifan SSD a Linux

Ina cikin rubuta bayani a kan yadda ake sa wa faifan SSD na waje, wato ma'ajin bayanan da ake jonawa ta kafar USB, kalmar sirri a Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sai kalmar encryption ta tsayar da ni. Yawancinmu "kullewa" muke cewa, wasu kuma "ɓoyewa", amma a ganina kowacce tana karkatar da fahimtar mai karatu.

Wanda ya ji kullewa, kwado zai hango a jikin akwati, kuma kowa ya san da zarar an ɓalle kwadon, kayan ciki suna nan yadda aka ajiye su. Irin wannan tsaro akwai shi a Linux, shi ne izinin da ake ɗora wa fayil, sai dai duk wanda ya zare faifan ya jona shi a kwamfutarsa, inda shi ne mai cikakken iko, zai karance komai. Aikin LUKS, wato tsarin encryption na faifai a Linux, daban ne, domin bayanan da kansu yake hautsinawa da wata ƙa'idar lissafi da ake kira AES kafin a rubuta su, ta yadda ɓarawon da ya leƙa ciki ba abin da zai tarar sai tarkacen lambobi. Ɓoyewa ma ba ta yi ba, tunda ba a sakaya komai ba.

Shawarata ita ce mu ɗauko kalmar daga zaurance, maganar da ake yi a gaban mutum, yana jin sautinta amma bai san me ake cewa ba. Tana kuma sarrafuwa ba tare da tilas ba: na zaurantar da faifaina, zaurantaccen faifai, warware zaurance.

Wani ɗan'uwa ya ja ni da cewa sirrin zaurance yana cikin ƙa'idarsa, kuma mai kunne kan gano ta cikin 'yan kwanaki, alhali ƙa'idar AES a fili take ga duk mai son karantawa. Na ce masa: Malam, ka yi gaskiya, sirrin AES a mabuɗi yake ba a ƙa'ida ba, kuma wannan ne ya sa dole mu raba "mabuɗi" da "kalmar sirri". Sa'ad da ka ba da umarnin cryptsetup luksFormat don ɗora wa faifan LUKS, ya gargaɗe ka cewa abin da ke kan faifan zai salwanta, ka rubuta YES da manyan baƙaƙe, manhajar tana ƙirƙiro wani dogon mabuɗi da ka, kuma da shi ake zaurantarwar. Kalmar sirrinka gurbin da aka adana mabuɗin kawai take buɗewa. Gurabun nan 8 ne a LUKS1, samfurin farko, a LUKS2 da ya biyo baya kuma sun kai 32, shi ya sa mutane da dama za su iya buɗe faifai ɗaya kowa da tasa kalmar, kuma sauya kalma ba ya bukatar a sake zaurantar da faifan gaba ɗaya.

Saura sunan sashen farkon faifan, inda gurabun suke, wanda nake so mu kira "goshi". Idan goshin ya lalace, ko kana riƙe da kalmar sirrinka daidai ba za ta amfane ka ba, sai fa in ka riga ka kwafe shi da umarnin luksHeaderBackup ka ajiye a wani wuri dabam.