Wace na'urar numfashi ce ba ta da ƙara ga mai ɗaukewar numfashi a cikin barci?

Baban Hanifa, Kubwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan lalura. Shekara da shekaru iyalina tana gaya mini cewa minsharina ya wuce misali, kuma numfashina yakan tsaya cak a cikin barci har sai ta girgiza ni, in farka ina haki kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba sai ranar da barci ya fizge ni da rana tsaka ina tuƙi a kan babban titin Kubwa, Allah ne kaɗai ya kiyaye. Likita ya tura ni gwajin barci na dare guda, sakamakon ya nuna numfashina yana tsayawa ko ya ragu sau 34 a kowace awa, ya ce daga 30 zuwa sama ana ƙirga shi mai tsanani ne, sannan ya rubuta mini na'urar CPAP, wadda take hura iska ta mesa zuwa hanci domin kada maƙogwaro ya rufe.

Kafin in sayi tawa, wani ɗan'uwana ya ara mini tasa ta mako guda. Ni dai na ji daɗin jikina, amma ƙarar ta hana iyalina runtsawa, ga jaririya 'yar wata huɗu a ɗakin, har a dare na uku ta kwashi shimfiɗarta ta koma ɗakin yara. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ta yi haƙuri da minsharina shekara tara, ba na so maganin ya zama shi ne zai raba mana makwanci. Wace na'ura ce ba ta da ƙara, kuma me zan duba kafin in biya kuɗi?

Malam Garba, Bukuru:

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa, Allah ya ƙara sauƙi. Shekarata shida ina kwana da wannan na'ura, saboda haka zan faɗa maka abin da kunnena ya ji. Kowane kamfani yana rubuta ƙarar na'urarsa da ma'aunin desibel, kuma sababbin na'urori yawanci suna tsakanin 26 da 30, wato kusan daidai da raɗa. AirSense 10 ta kamfanin ResMed, wadda nake amfani da ita, an rubuta mata kusan 27, ƙaramar nan kuwa ta tafiye-tafiye, AirMini, kusan 30. Sai dai ana auna wannan ne a nesan mita ɗaya, ƙarfin iskar yana kan 10, don haka wanda likita ya ɗaga wa ƙarfin iska zuwa 14 ko 15 zai ji fiye da abin da ke jikin takarda.

Abin da ban gane ba sai bayan na sha wahala shi ne, injin ba shi ne mai yawan damun mutane ba, takunkumin da ake sawa a fuska ne. Da farko na ɗauki babban takunkumi mai rufe hanci da baki, ni kuwa mai gemu ne, robar ba ta zama daram a kan gashi. Da na juya sai iska ta sami kafa ta gefen kumatu, ta riƙa fito kamar butar shayi, wani lokaci kuma ta hau ta busar mini da ido, in tashi da asuba idona jawur. Na ɗaure igiyoyin tamau har suka yi mini sawu a fuska, ƙarar ba ta daina ba. Da na koma ɗan ƙaramin nan mai toshe kafofin hanci kawai, wanda bai taɓa gemu ko kaɗan, a daren farko uwargida ta tashi tana duba ko na'urar ta mutu ne. Idan kana da gemu, kuma ba da baki kake numfashi a barci ba, fara gwada wannan.

Sai kuma matatar iska da ke jikin na'urar. A nan Jos, idan hunturu ya kama, farar matatar takan koma ja cikin 'yan makonni, kuma da ta toshe injin zai fara gurnani. Ka sayi da yawa ka ajiye tun ranar da ka sayi na'urar. Kada kuma ka ɗora ta a kan durowar katako mai fanko, domin takan ƙara sautin kamar ganga. Ni a kan ƙaramar kujera nake ajiye tawa, ƙasa da katifa kaɗan, da tawul a ninke a ƙarƙashinta, ba tare da ya rufe mashigar iskar ba.

Maman Sadiƙ, Gwarinpa:

Malam Garba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya tsaya mini a rai a cikin tambayar shi ne na'urar aro. Baban Hanifa, an saita wannan na'ura ne da ƙarfin iskar ɗan'uwanka, kuma takunkumin an zaɓe shi ne daidai da fuskarsa, saboda haka babu mamaki idan mafi yawan ƙarar da ta kori iyalinka ta fito ne daga iskar da ta yi maka yawa da robar da ba ta zauna maka ba. Ƙarfin iskar nan magani ne kamar kowane magani, likita ne yake ƙayyade shi tsakanin 4 da 20. Akwai na'urori masu daidaita kansu, waɗanda suke sassauta iskar idan numfashi ya tafi daidai, su ɗaga ta idan maƙogwaro ya fara rufewa, kuma ga mutane da yawa waɗannan sun fi shiru a mafi yawan dare. Ka tambayi likitanka ko irin wannan ta dace da kai.

Ina kuma roƙonka ka yi hattara da na'urorin gwanjo da ake shigowa da su daga waje ana sayarwa da araha. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiranyen miliyoyin na'urorinsa, har da DreamStation ta farko, kuma dalilin ya shafi tambayarka kai tsaye: soson da aka sa a ciki domin rage ƙara shi ne yake iya marmashewa, mai barci ya shaƙi ɓurɓushinsa, zafi da danshi kuma suna hanzarta lalacewarsa. Wanda ya san zafin Abuja a watan Maris da danshinta da damina ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Idan dole ta sa za ka sayi wadda aka yi amfani da ita, ka duba sunanta da lambarta ka tabbatar ba ta cikin waɗanda aka yi wa kiranye, ka sa a nuna maka awannin da injin ya yi aiki, takunkumi da mesa kuwa lallai su zama sababbi.

Abu na ƙarshe, wanda na taɓa gani da idona har gabana ya faɗi: wani bawan Allah ya liƙe ƙananan ramukan da ke jikin takunkuminsa da salatif, wai domin iskar da ke fita ta nan tana damun matarsa. Ta waɗannan ramuka ne numfashin da ka fitar yake ficewa, idan aka toshe su shi za ka riƙa sake shaƙa. Kada ka taɓa su, komai ƙarar.

Injiniya Sani, Lugbe:

Ranka ya daɗe, ka lissafa da wutar lantarki tun yanzu, domin babu amfanin na'ura mai shiru idan janareta za ka tayar mata da ƙarfe biyu na dare. Na'urorin nan suna karɓar wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240, ba su da matsala da tamu, kuma injin kansa ba ya cin wuta sosai. Mai shanye batir shi ne tankin da ke ɗumama ruwa domin jiƙa iskar. Ni ƙaramin batir mai caji da sola nake da shi, idan an ɗauke wuta sai in kashe ɗumamawar, ya kai ni asuba lafiya lau. Da hunturu ne kawai nake barinta a kunne, domin busasshiyar iska tana ƙona hanci. Kuma ban ba ka shawarar ƙaramar ta tafiye-tafiye a matsayin ta gida ba: ba ta da tankin ruwa, sannan na gwada ta wani abokina, sautin iskarta a kusa da fuska ya fi na babbar damuna.

Hajiya Binta, Jos:

Ni matar mai amfani da ita ce, bari in yi magana a madadin Maman Hanifa. Sautin na'urar bai kai na fanka ba, cikin mako biyu na daina jin sa. Abin da ya hana ni barci shi ne iskar da ke fitowa daga takunkumin tana bugun wuyana duk lokacin da Alhaji ya juyo. Da ya sami irin wanda aka sa wa raga mai laushi a mafitar iskar, tana watsa ta a hankali, shi ke nan. Don Allah ka tafi da iyalinka wurin saye, a kunna na'urar, ka sa takunkumin ka kwanta, ita ta zauna kusa da kai ta saurara, domin kunnenta ne zai yanke hukunci.

Baban Hanifa, Kubwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam Garba, kamar ka gan ni, gemu ne da ni cikakke, kuma babban takunkumin nan mai rufe baki aka ara mini. Maman Sadiƙ, na duba bayan na'urar aron, ba ta cikin waɗanda kika ambata, amma matatarta ta yi baƙi ƙirin, na kuma sanar da mai ita. Na kira likita, ya ce in zo ranar Talata a duba batun mai daidaita kanta da girman takunkumin. Iyalina ta ce za ta biyo ni, mun riga mun roƙi kakar Hanifa ta riƙe mana ita zuwa azahar.