Neman kalma: me za a kira "kaliba" da Hausa?

Mai Fassara, Barnawa: Salamu alaikum jama'a. Ina ɗora murya a kan wani bidiyo, gobe ƙarfe tara za a karɓa. Wasu 'yan Amurka ne suka jera kankana sahu guda suna ɗirka mata harsasai iri-iri, don a ga wanne zai fi shiga. Kalmar "kaliba" ta fito ya fi sau ashirin. Na sa "girman harsashi" amma hankalina bai kwanta ba. A taimaka.

Ɗan Kawo: Lambar harsashi mana, kamar lambar takalmi. Amma kankana dai? Mu nan yanki-yanki muke saye a bakin titi.

Tsohon Soja, Kakuri: Girma bai yi ba, yarona. Kaliba awon faɗin ramin hancin bindiga ne, shi ne kuma kaurin harsashin. AK-47 milimita 7.62 ce, ƙaramar bindigar hannu yawanci 9. Harsashin AK ya fi tsawo da yawan albarushi, amma na 9 ya fi shi kauri. To wanne za ka kira babba? Sa "kauri".

Mai Fassara: Na gode Baba. Su kuma .22 da .50 da suke ta faɗa fa?

Tsohon Soja: Awon inci ne. .50 rabin inci ke nan, milimita 12.7. Shi .22 wajen 5.6 ne, kusan kauri ɗaya da harsashin 5.56 na sojojin NATO. Sai dai na sojan yana gudun wajen mita 900 a daƙiƙa, shi .22 kuwa ko rabin haka bai kai ba. Kada ka bari mai kallo ya ɗauka kauri shi ne ƙarfi.

Maharbi, Rigasa: Lamba kam a bar ta. A bindigar farauta lamba 12 ta fi lamba 20 faɗin baki. Za ka rikita mutane.

Malamin Hausa: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kauri na igiya ne, na kunu ne, na bango ne. Masu ƙamus suna danganta "kaliba" da ƙalib ta Larabci, wato mazubin da ake zuba narkakken ƙarfe. Bindiga, albarushi, harsashi, duk daga Larabci muka aro. Me zai hana "ƙalibi"? Na daɗe ina ba da wannan shawara.

Ɗan Kawo: Allah gafarta Malam, in ya ce ƙalibi a bidiyo, sai an sake wani bidiyon na fassara ƙalibi.

Malamin Hausa: Haka kuke yi a Kaduna, ku gwamutsa Hausa da Turancin bariki ku ce shi ne sauƙi.

Ɗan Kawo: Kadunar da Arewa kaf ta tashi tana sauraren rediyonta? Haba Malam.

Tsohon Soja: Tun 1964 masana'antar ƙera makamai ta DICON take nan Kakuri. Ban taɓa jin wanda ya riƙe bindiga ya ce ƙalibi ba. Mu a bariki lambar kawai muke kira.

Malamin Hausa: Ai rashin kalmar ne ya sa.

Malama, Unguwar Rimi: Ku yi haƙuri, yaron nan barci yake ji. Ɗana, akwai abin da ya fi wannan: ya ka fassara shigar harsashin?

Mai Fassara: "Hudawa" na sa, Malama. Amma mai gudun nan tarwatsa kankanar farko ya yi, jan ruwa ya wanke kyamara, shi ma ya farfashe. Mai nauyi marar gudu kuma ya yi 'yar ƙofa ya wuce gaba.

Malama: To kalma ɗaya ba za ta ɗauka ba. Wanda ya shiga ya fita ta baya, ya ratsa. Wanda ya tsaya a ciki, ya nutse, sai ka faɗi zurfinsa. Na farkon nan kuwa fasawa ya yi.

Mai Fassara: Madalla. Na tsaya a "kaurin harsashi", in bindigar ake nufi kuma "faɗin baki". Allah Ya saka.

Malamin Hausa: Faɗin baki? Kamar ana zagin mutum. Tunda gobe ne, je ka da kaurin. Amma ka sa ƙalibi ko sau ɗaya a farko.

Mai Fassara: Zan duba in daƙiƙun sun isa, Malam.