Keke mara nauyi ko wili mai faɗin baki?

Sabon Shiga: Salamu alaikum 'yan zaure. Wata shida ke nan na maƙale a kilomita 28 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, duk takun da zan yi ba na wuce nan. Na ɗan tara kuɗi. Keke mara nauyi zan saya, ko wilin nan mai faɗin baki, wanda aka ce yana yanka iska?

Dogo: Wa alaikumus salam. Tukuna, da wace riga kake hawa?

Sabon Shiga: Ta yau da kullum, mai ɗan yalwa.

Dogo: To ai laima ka buɗe a bayanka kana ja. Fara da nan.

Baban Feda: Ƙanina, bari in ba ka nawa labarin kafin kuɗinka su tafi. Irin wannan zumuɗin ne ya kai ni na sayi wili mai faɗin baki, gaba da baya. Mai sayarwa ya yi ta zuba min cewa yana yanka iska, bai taɓa faɗa min abin da iskar gefe ke masa ba. Sati na biyu ina gangara, iska na kaɗowa daga dama, sai wata tirela ta wuce ni. Ji na yi kamar an fizge kan keken daga hannuna. Sai ga ni a ƙasa, kafaɗa ta goce, sati shida ko riga sai an sa min. Da na warke na koma tsohon wilina saboda tsoro, na sauke kan keken kaɗan, na koyi lanƙwasa gwiwar hannu in kwantar da baya, na sa riga mai kama jiki. Wallahi gudun da na ƙara ya fi wanda wilin ya ba ni. Dalili kuwa, mafi yawan abin da iska ke tokara jikinka ne, keken kaɗan ya ɗauka. Kuma in ka ninka gudu, tokarar iska ninki huɗu take yi, ƙarfin da za ka kashe a kanta ninki takwas. Nauyin keke sai a hawan tudu yake nuna kansa. Ban ce wilin banza ne ba, amma shi ne na ƙarshe a layi.

Gajere: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Iska dai na wahalar da mai kayan kara.

Dogo: Mai teɓa fa? Ya zai yi ya kwantar da baya?

Gajere: Ni kake nufi, na gane. Teɓar tawa ita ke raba iska gida biyu.

Malamin Lissafi: Maganar Baba gaskiya ce. A babbar gasar tseren keke ta Faransa, wato Tour de France, ta 1989, Greg LeMond ya shiga ranar ƙarshe Laurent Fignon na gabansa da daƙiƙa 50. LeMond ya ɗora hannuwa a ƙarfen da ke miƙe su gaba, ya sa hular kwano mai tsini. Fignon ya hau ba hula, gashi na kaɗawa. Kilomita 24.5 kacal, daga garin Versailles zuwa Faris, LeMond ya cinye gasar da tazarar daƙiƙa 8.

'Yar Tsere: Ku bar ta daƙiƙa. Denise Mueller-Korenek ta yi kilomita 296 a awa a 2018, a filin gishirin Bonneville na Amurka. Ta karya tarihin Fred Rompelberg na 1995, wanda bai kai 270 ba.

Dogo: Yaya, wannan ai mota ce ta tare mata iska, har jan ta aka yi kafin ta fara taka feda. Ni ba na lissafa shi.

'Yar Tsere: To ka hau bayan motar mu gani. Da namiji ne ya yi, da tuni ka sa hotonsa a fuskar wayarka.

Malamin Lissafi: Ku duka kun taimaki Baba. An cire mata iska ta yi 296. Todd Reichert kuma, a 2016 a Battle Mountain ta Nebada, ya kai kilomita 144 a awa ba motar da ta tare masa, sai dai a kwance yake cikin wani ƙoƙo mai kama da harsashi. Filippo Ganna, a keke na sosai, kilomita 56.792 ya ci cikin awa guda a Suwizalan a 2022. Ko Eddy Merckx da ya yi kilomita 49.431 cikin awa guda a 1972, birnin Meziko ya tafi, don can sama da mita 2,200 yake, iskar ba ta da kauri.

Dogo: Gudun ɗan lokaci daban, na awa guda daban, Malam. Kar a haɗa.

Malamin Lissafi: Na karɓa.

Baban Feda: Ni gwanina Graeme Obree. Da hannunsa ya ƙera kekensa, har da boris na injin wanki, ya dunƙule hannuwa ƙarƙashin ƙirji ya yi kilomita 51.596 cikin awa guda a 1993. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana zaman, ya ƙirƙiro na miƙe hannu gaba, shi ma daga baya aka hana.

Gajere: Kar wanda ya kwance injin wankin gida ya ce a zaure ya ji.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, amma har yanzu ban ji wanda zan saya ba.

'Yar Tsere: Riga mai kama jiki, da taya mai kyau. Sauran kuɗin ka ajiye. Ka kuma samu abokin hawa ka riƙa bin bayansa, za ka ji sauƙi nan take.

Dogo: Amma ka kula da birkinsa, kar ka manne.

Baban Feda: Kan keken kuma a hankali za ka riƙa saukewa, kar bayanka ya riƙe. In duk da haka wilin kake so, nawa na nan a rataye.

Gajere: Baba, wanda ya kayar da kai za ka tallata masa?