Gashin 'yata ga cika ga tsauri, ranar taje kai sai kuka: ya kuke yi da naku?

Uwar Ɗiya Ɗaya

Assalamu alaikum iyaye. 'Yata shekararta 4, Allah ya ba ta suma, ga cika ga tsauri, irin mai murɗewa tun daga tushe. Ni nawa mai laushi ne kuma ba yawa, na dangin babanta ta ɗebo. Da ta ga na ɗauko mataji sai ta shige bayan kujera. In na wanke mata, kafin ya bushe ya cure wuri ɗaya, mataji ba ya shiga. Mai kuwa ba irin wanda ban shafa ba, amma washegari kan a bushe ƙamas. Har an fara ce min in sa mata rilaksa kowa ya huta, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah wadda ta riƙe irin wannan kan ta faɗa min yadda take yi.

Maman 'Yan Mata Uku

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, a bushe kike taje shi? In a bushe ne, to nan kukan yake. Nawa su uku duk irin kan nan gare su, kuma a gidana mataji ba ya taɓa busasshen gashi.

Kwalbar fesa ruwa nake cikawa, in ɗan zuba kwandishana a ciki in girgiza. In raba kan gida shida da yatsa, kowane kashi in ɗaure shi da ribon, don in kika bar sauran a sake, kina gyara nan can yana sake sarƙewa. Sai in kama kashi ɗaya in jiƙa shi sosai, in ƙara kwandishana har ya yi santsi, in warware ƙulle-ƙullen da yatsu. Sai yatsa ya wuce sannan mataji mai manyan haƙora zai shiga, shi ma daga bakin gashin nake farawa, ina hawa a hankali har tushe. Hannun hagu kuma yana riƙe da kashin gam kusa da fata. Wannan riƙon shi ne rabin aikin, duk jan da mataji zai yi a hannunki zai tsaya, ba zai kai ga fatar yarinya ba. Wanda na gama sai in murɗe shi in wuce na gaba.

A haka nake wanke shi, a murɗe. Shamfu a fatar kai nake sa shi, in cuɗa da kan yatsu ba da farce ba, kumfar da ta gangaro ta isa ta wanke sauran. Kar ki tattara gashin a tsakiyar kai kina murzawa, shi ke kawo curewar nan.

Mai kuma ba ya jiƙa gashi, ruwa ke jiƙa shi. Aikin mai ya tsare danshin kar ya fita. In kika lafta shi a busasshen kai, sheƙi kawai za ki samu da ƙura. Tun kan da lema za ki sa kwandishana irin wanda ba a wankewa, ki bi da man kaɗanya ko na zaitun ɗan kaɗan, ki fi ba bakin gashin.

Ma'aikaciyar Jinya

Haka nake wa tawa ni ma. Bari in ƙara dalilin, don in uwa ta gane dalili hannunta kan yi sanyi. Ramin da irin wannan gashin ke fitowa a lanƙwashe yake cikin fata, silin kuma ba zagayayye ba ne, a ɗan baje yake, shi ya sa yake murɗewa. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarawa ba wahala a miƙaƙƙen gashi, amma a murɗaɗɗe ba ya kaiwa ƙarshe. Ga shi kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni. Gashin da muke cewa mai ƙarfi, shi ya fi saurin karyewa.

Masu cewa gashin 'yarsu ba ya tsawo, galibi yana fitowa, kusan santimita 1 a wata, sai dai abin da ya ƙaru a tushe ya karye a baki. Kuma ƙanƙancewa yake yi in ya bushe. Ki ja sili ɗaya ki gani, yana iya ninka tsawon da ido ke nuna miki.

Uwar Ɗiya Ɗaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To wanki fa, sau nawa? Sannan wane kitso ya dace da mai shekarunta? Wadda take mata ta iya kitso ba laifi, amma daren ranar yarinyar ba ta iya ɗora kai a filo.

Mai Kitso

Hajiya, duk ranar da yarinya ta kasa ɗora kai a filo, a tsefe kitson a daren, kar a jira safiya. Sana'ata ce, kuma zan faɗi gaskiya ko da ta taɓa mu. Uwa za ta zo ta ce a ja shi sosai ya daɗe, mai kitso kuma tana so a ga aikinta ya fito tsaf a yaba. Yarinya ce a tsakiya, in ta yi kuka a ce ba ta son kitso.

Ki duba layin tsaga da gaban goshi. In kin ga ƙananan ƙuraje, ko fata ta ɗaga a gindin kitson, ko girarta ta ɗage sama, an ja da yawa. Na sha ganin yaran da gaban goshinsu ya cinye tun ba su gama firamare ba. In an daina da wuri yana dawowa. In aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, ramin gashin mutuwa yake yi, ba man da zai tsiro da shi, kar wani ya yaudare ki da kwalba.

Mai shekara 4 manyan kalaba nake mata, ko manyan layuka, abin da za a gama kafin ta gaji da zama. Ba na sa wa ƙaramar yarinya ƙarin gashi, nauyinsa ya fi ƙarfin tushen. Ƙananan gashin goshi da na ƙeya ba na kama su ko uwar ta ce bai yi kyau ba. A dinga canza tsaga, in an yi shuku yau, na gaba a kwantar da shi, kar wuri ɗaya ya yi ta shan ja. Kitson ya yi mako 2 a kai ya isa, in ya daɗe 3. Ƙananan robobin nan yanka gashi suke yi, in an sa su, da almakashi ake cirewa, ba a fizga. Duwatsun ado kuma ban da yaran da har yanzu suke kai abu baki.

Kakar Yara

Ku yaran yanzu kun cika kwalabe. Na yi wa 'ya'yana, yanzu ina wa jikokina, ruwa ne da mai da haƙuri. Wankin kowane mako ɗin nan da kuke yi ni ban yarda da shi ba, in an tsefe a wanke, shi ke nan.

Abin da ban ji kowa ta faɗa ba shi ne lokaci. Ba a taɓa kan yaro yana jin barci ko yunwa. Ki zaunar da ita a gabanki, ki ba ta 'yar tsanarta da ƙaramin mataji ita ma ta yi wa tata. Kuma wa ya ce dole a gama rana ɗaya? Tsifa yau, wanki da kitso gobe. In kina so ya miƙe ba tare da wuta ba, ki yi mata kitson zare, ki sassauta gindin.

Sannan 'yar nan, ki kula da bakinki. Kar ki dinga cewa wannan mugun gashi, wannan kai mai wahala, a gabanta. Tana ji. Jikata ɗaya har ta fara cewa ita irin gashin ƙawarta take so, sai da na ja kunnen uwarta.

Ma'aikaciyar Jinya

Mama, mun ji, kwalabe uku ma sun isa: shamfu, kwandishana, mai. Amma a wanki zan ɗan saɓa miki. Yaro mai wasa a yashi yana gumi ba ya jiran tsifa. Tawa tsakanin mako 1 zuwa 2 nake wanke mata, da kitson a kai in bai tsufa ba, sai in tabbatar ya bushe har tushe kafin ta kwanta. Datti da tarin mai a fata su ke kawo ƙaiƙayi, sai a ce amosani ne a ƙara lafta mai.

Baban 'Yan Biyu

Salamu alaikum, a yi haƙuri namiji ya shigo. Nawa mace da namiji ne, mahaifiyarsu tana aikin dare, don haka kan macen yakan faɗo hannuna. Kitso ya fi ƙarfina, amma murɗa gashi gida biyu kowa zai iya. In raba kan manya-manya, in murɗe kowane kashi, ƙarshen ya naɗe da kansa ba sai an ɗaure ba. Ba ya kyau kamar na masu kitso, amma ba ta taɓa kuka a hannuna ba.

Abin da ya kawo ni maganar namijin ce. Bayan wani aski sai wani wuri ya fito masa a kai, zagaye, fari-fari, gashin wurin ya kakkarye. Makero. An yi ta shafa man ƙuraje ba sauƙi, har ya fara bayyana a kan 'yar'uwarsa, ashe mataji ɗaya suke amfani da shi. Likita ya ce na kai ba ya jin maganin shafawa shi kaɗai, domin ƙwayar tana cikin silin gashin, sai an sha magani. Ya rubuta musu griseofulvin na wajen mako 6 zuwa 8, da shamfu na magani don rage yaɗuwa. Tun daga nan kowa da matajinsa, hularsa da tawul ɗinsa, kuma na sayi injin aski na gida.

Antin Yara

'Yar'uwa, ni maganar rilaksa zan yi, don a kaina aka yi. Tun ina ƙarama aka fara sa min, da niyya mai kyau, don in daina kuka. Kukan bai tsaya ba, wuri ya canza. Ina tuna zafin fata, da ɓawon da ke fitowa bayan kwana biyu gashi ya manne a kai. Kuma ba sau ɗaya ake yi a huta ba, bayan wata 2 sabon gashi ya fito da murɗinsa, inda ya haɗu da miƙaƙƙen nan yake karyewa, sai a sake sawa.

Kwalin da aka zana yara suna murmushi kar ya ruɗe ki. Na manya wasu sodium hydroxide ne a ciki, na yaran kuma calcium hydroxide da guanidine, duka sinadarai ne masu ƙona fata. A 2022 ma cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta fitar da sakamakon binciken da ya bi mata sama da 33,000, aka ga masu yawan amfani da kayan miƙar da gashi sun fi samun kansar mahaifa. A kan manyan mata aka yi shi, kuma alaƙa ya nuna, bai ce shi ne sanadi kai tsaye ba. Ni dai ya ishe ni dalili. In ta girma ta zaɓa da kanta.

Maman Auta

Ni dai rage wa tawa na yi, kar a ga laifina. Ga aiki ga jariri, ba ni da lokacin zaman kai. Na bar mata ɗan daidai, safe in fesa ruwa in shafa mai in bi da yatsa. Da ta shiga makaranta ita ta ce a bar mata ya taru. Masu cewa aski na sa gashi ya ƙara cika ko ya yi laushi, ban ga haka ba, yadda yake haka ya dawo.

Tambayata kan tsifa ce. Duk ranar da na tsefe mata sai gashi ya cika min hannu, har gabana ya faɗi. Kuma hular barci ba ta kwana a kanta.

Maman 'Yan Mata Uku

Maman Auta, kwantar da hankalinki. Kowane kai yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Wanda ke cikin kitso ba shi da hanyar faɗuwa, sai ya taru ya jira ranar tsifa. Ki duba silin: in dogo ne da ɗan farin ɗigo a gindinsa, zubar da aka saba ce. In gajeru ne guntu-guntu, karyewa ce, a ƙara danshi a rage ja. In kuma wani wuri ne ya yi fili a kai, wannan na likita ne.

Sai dai ki cire wannan mataccen gashin kafin ruwa da shamfu su taɓa kan. Ki tsefe ɗaya bayan ɗaya da ɗan mai a yatsa, ki murje dattin da ya taru a gindin, ki taje da kwandishana, sannan ki wanke. In kika zuba shamfu kai tsaye bayan tsifa, dunƙulewa zai yi, wani lokacin sai almakashi.

Hula kuma autata ma cire ta take yi cikin barci, sai na sa wa filonta rigar yadin satin mai santsi, don auduga shanye danshin take yi tana goge gashin. Jaririn ki bar shi haka nan, ba hula ba filo a wurin kwanciyarsa.